Sai Ƙarfe 10 Ake Ragewa

Tunda Auta, ƙanin matata, ya riga ya fesa labarin a guruf, kuma ya zuba masa gishiri har ya wuce misali, bari in faɗi nawa da bakina. Kun dai san abin da ya kai mu Toronto, ba sai na maimaita ba. Ana saura kwana uku mu taso Yaya, wato yayan matata, ya ce ba za a ce mun zo Kanada mun koma ba mu ga magangarar ruwan Nayagara ba, wai har ya yanki tikitin yawon yamma: bas ta kwashe mu da rana, a shiga jirgin ruwa, a jira dare a ga fitilu da wasan wuta, a dawo. Mu biyar, shi da Anti, ni da uwargida, sai Auta.

Wanda ya san Yaya ya san abin da ya fara faɗo min a rai. Yaya ya biya wa mutum biyar? Daga aljihunsa? Mutumin da ke bin mu ɗaki-ɗaki yana kashe fitila tun ba mu gama fita ba? Na ce akwai lauje cikin naɗi.

To daren nan na hau waya ina karatun wurin, don a gidan nan an daɗe ana min kallon surukin da ba shi da komai sai baki, na ce wannan karon sai an san akwai kai. Na haddace cewa magangarar uku ce ba ɗaya ba. Na haddace cewa kogin daga tafkin Erie yake fitowa ya zuba a tafkin Ontariyo, kuma shi ne iyakar Kanada da Amurka a wurin. Ana cikin haka na ci karo da abin da nake nema. Ashe tun 1950 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a kan ruwan: lokacin baƙi, da rana, dole a bar aƙalla kubik mita 2,800 da ɗoriya yana zubowa a kowane sakan, amma da dare an yarda a rage shi zuwa rabi, a karkatar da sauran zuwa tashoshin wutar lantarki. Rabi! Na ajiye waya na ce yauwa, ga laujen. Shi ya sa aka zaɓi yawon yamma. Rabin ruwa, rabin kuɗi. Ban ƙarasa karanta sakin layin ba, barci na yi abina da murmushi.

Tafiyar kusan kilomita 130 ce. 'Yar jagorar da ke bas ɗin yarinya ce mai fara'a, ta zo da jakar alawa, ta ce za ta riƙa yin tambaya, wanda ya ci ta jefa masa ɗaya. Na gyara zama. Na kalli uwargida irin kallon yau za ki sha mamaki.

A nan ne mai malafa ya shigo rayuwata.

Wani dattijon Bature ne a kujerar gaba, da malafa mai igiya a haɓa, da kyamara a wuya, da wani ɗan littafi da ya sha jiki. Shi kaɗai ya zo. Yarinya ta ce magangara nawa ce a Nayagara? Ban gama ɗaga hannu ba ya ce uku, ya jero sunayen: Horseshoe, American, Bridal Veil. Aka jefa masa alawa. Ta ce wa ya fara faɗawa ruwan a cikin ganga ya fito da rai? Wannan na sani kamar sunana. Na buɗe baki, sai na ji shi: Annie Edson Taylor, malamar makaranta, 1901, ranar da ta cika shekara 63. Bai tsaya nan ba, ya juyo ya fuskanci bas gaba ɗaya ya ce ai kwana biyu kafin nan sai da aka fara jefa kyanwa a gangar don gwaji, kuma kyanwar ta rayu. Wa ya tambaye shi kyanwa? Mutane har da tafi. Ni ban taɓa ganin inda aka tafa wa mutum a kan kyanwa ba.

Kuma abin haushin ba ya shan alawar. Aljihun gaban rigarsa yake jerawa. Bawan Allah, in ba za ka sha ba ka bar wa mabukata mana. Daga yadda yake faɗin abin da za a gani a kwana ta gaba tun kafin direba ya sha kwanar, na gane wannan ba zuwansa na farko ba ne, ba kuma na biyar ba. Mutum ya mai da yawon buɗe ido sana'a, yana bin bas yana ƙwace wa baƙi alawa. Ya kamata a ce akwai doka.

Tambaya ta uku ban ma jira ta ƙarasa ba. Ina jin ta ce "wane ne mutumin da" na miƙe tsaye na ce Bobby Leach! Bas ta yi tsit. Ashe wanda ya fara tsallake kwazazzabon a kan igiya take tambaya. Mai malafa ya ce Blondin, Bafaranshe, 1859, ya ƙara da cewa daga baya har manajansa ya goya ya tsallake da shi. Sannan ya juyo gare ni da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo, ya ce shi Bobby Leach ɗin da na ambata da gangar ƙarfe ya faɗa a 1911, ya tsira, bayan shekara 15 kuma ya taka ɓawon lemo a New Zealand ya zame, ciwon ƙafar ya yi ajalinsa. Kamar ban sani ba. Labarina ne fa, shi na tanada don in ba mutane dariya, ya karɓe a bakina ya ba da. Auta ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Yaya yana kallon taga.

Amma na lura da abu ɗaya: har muka isa, mai malafa bai ambaci maganar rage ruwa ba. Na ce to wannan nawa ne, ni kaɗai.

Gaskiya dai, wurin ya wuce yadda nake zato. Tun kafin ka ga ruwan kake jin rugugi a ƙirjinka, ga wani farin hayaƙi ya tashi sama kamar gari na ci da wuta, ashe feshi ne. Babbar, wadda ta lanƙwashe kamar ƙarfen da ake buga wa doki a kofato, tsayinta wajen mita 57, kuma ruwan da ke leɓenta kore ne shar kafin ya karye ya zama fari. Na yi shiru na kusan minti ɗaya, wanda uwargida ta ce shi ne abin al'ajabi na biyu da ta gani ranar.

Wajen bakwai da rabi aka ce a sauka bakin jirgi. Rana na nan garau, don a can lokacin zafi sai kusan tara take faɗuwa. A ƙofar shiga ake miƙa wa kowa rigar leda mai hula. Na ɓangaren Kanada ja ake ba su, na ɓangaren Amurka shuɗi, in ka hango jiragen biyu a kan ruwa sai ka ce ƙungiyoyin ƙwallo. Ku riƙe wannan, don a nan gizo ke saƙar: ɗaruruwan mutane, riga iri ɗaya, hula a ka, an zuge igiya sai hanci. Ga shi Yaya da Auta tsayinsu ɗaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya, duk wanda ya san gidan ya san daga baya ba a bambance su. Mata suka ce su a ƙasa za su tsaya inda akwai rufi. Mu maza muka hau sama, wai jarumai.

Jirgi ya wuce ta gaban ta Amurka, ya wuce 'yar siririyar da ke gefenta, duk lafiya, ɗan yayyafi ne kawai. Da muka doshi cikin lanƙwasar babbar sai duniya ta canza. Wannan ba feshi ba ne, ruwa ne ake watsa maka da bokiti ta gabas da yamma, har ta ƙasa. Tabarauna ya koma kamar gilashin banɗaki, na cire na cusa a aljihu. Ku kuma kun san ni ba tabarau. Duk abin da ya wuce tsawon hannuna jan abu ne mai motsi.

Sai na hango nawa jan abun a jikin ƙarfen gaba, ya harɗe hannu a baya. Na ce ga Auta. Na kutsa, na taka ƙafar mutum biyu, na isa. Na ɗaga hannu na ɗaɗa masa duka a gadon baya, irin wanda muka saba, har ledar ta yi ƙara. Na rataya hannu a wuyansa. Saboda rugugin ba a jin magana, sai na kai bakina daidai kunnensa, na ɗage murya iya ƙarfina.

Na ce, "Kai, ka san dalilin da ya sa yayanku ya zaɓi yamma?"

Bai ce komai ba. Na ɗauka bai ji ba. Na ƙara murya.

Na ce, "Da dare rage ruwan ake yi! Rabi! Wannan da kake gani kana buɗe baki ragowa ne, sun kwashe mai kyau sun kai injin wuta! Ya kawo mu kallon kwantai!"

Shiru. Ni kuwa shirun nan na fassara shi da cewa dariya ce ta ci ƙarfinsa, don na ji kafaɗar ta ɗan motsa. Kun san mai ba da labari in ya ga kasuwa ta buɗe. Na ƙara matso shi.

Na ce, "Wallahi da ana sayar da tikitin kallon ruwan ta baya da shi zai saya! Mutumin da ke ƙirga mana tishu? Ka ga gorunan ruwan da ya raba mana a mota? Na famfo ne, da idona na gan shi yana ɗurawa da asuba, har yana matse murfin don a ce sabo ne!"

Jama'a, da na tsaya a nan ma da sauƙi. Ban tsaya ba. Na shiga maganar motarsa. Na shiga maganar fitila. Na kwaikwayi yadda yake cewa "a dai riƙa lura" da muryarsa, da ɗan tarin da yake yi kafin ya faɗa, a cikin kunnensa. Na ce ban san yadda Anti ta yi shekarun nan ba, Allah dai ya ba ta lada. Na rufe da cewa, "Ka zuba ido, wallahi rigar ledar nan ba zai yar ba. Ninkewa zai yi ya kai gida, baƙin baɗi su saka!"

Na saki dariya ni kaɗai, ruwa na shiga min baki. A daidai nan jirgin ya fara juyawa, iska ta sauya, feshin ya ɗan lafa. Na share ido da bayan hannu. Can gefe, kamar taku huɗu, na ga wani jan abu ya durƙusa ya riƙe ciki, hular ta zame, ga askin nan na Auta da ba ya ɓuya.

Ban juyo da sauri ba. Na san in na juyo shi ke nan ya tabbata. Hannuna fa yana nan a wuyan mutumin, ya yi nauyi kamar ba nawa ba, na rasa yadda ake janye hannu daga wuyan mutum. A hankali ake yi? Fizgewa ake yi? Na tsaya ina lissafi. Na ga gefen fuska. Na ga furfurar gemu tana ɗigar ruwa.

Yaya bai kalle ni ba. Idonsa na kan ruwa. Ya ɗan yi tarin nan, wanda na gama kwaikwaya yanzu-yanzu, ya karkato kai kaɗan ya ce, "Malam, sai ƙarfe 10 ake ragewa."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ce komai a kan tishu ba. Bai ce komai a kan mota ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. A'a, gyara min karatu ya yi. Wato ban da gulma, ban da rashin kunya, ban da dukan da na yi wa yayan matata a gadon baya, jahilci ma na tafka. Cikakken ruwa ne ya jiƙa ni, ba ragi ko cokali.

Na ce, "Na'am, Yaya." Sannan, don Allah ku ji abin da ya fito daga bakina, na ce, "Sannu da ruwa."

Sannu da ruwa! Har yau in na tuna sai na ji kamar in shige ƙarƙashin gado. A cikin duk kalmomin da ke duniya. Ya ce, "Yauwa." Na zare hannuna kamar mai zare ƙaya, na ma ɗan shafa masa kafaɗar ledar wai ina gyara masa, ban san dalili ba. Na leƙa ruwan da ke tafasa a ƙasa, na tuna malamar makarantar nan da gangarta, na ce ashe ba hauka ba ne, wata rana mutum yakan so a rufe shi a ganga a tura. Shi Bobby Leach ɓawon lemo ne ya kayar da shi, aƙalla ba shi ya ɓare lemon ba.

Tafiyar jirgin duka minti 20 ce. Ban san komawa bakin gaɓa na da nisa haka ba.

Da muka sauka kowa na tuɓe rigarsa yana jefawa a wata babbar tukunyar shara da aka tanada. Na tsaya ina satar kallo. Yaya ya cire tasa, ya karkaɗe, ya riƙe ta a hannu ya yi jim. Ya kalle ni, karo na farko. Sannan ya jefa ta ciki, a hankali, kamar mai ajiye shaida a gaban alƙali. Na tabbata har ga Allah da ban yi magana ba da ya ninke ta. Wato na ja masa asarar riga ma.

Sauran yammar a wajen Table Rock muka yi ta, inda kake tsayawa dab da leɓen ruwan kana ganin yadda yake sulalewa ya faɗa. Takalmina na kuka, cakwal cakwal, duk taku. Uwargida ta ce wai lafiya na yi tsamo-tsamo kamar kazar da aka tsamo a rijiya? Na ce sanyi ne. Auta ya ce, "Sanyi ne, Yaya, ki ce masa sannu da ruwa," ya sake durƙushewa. Wannan yaron ni na koya masa tuƙi.

Duhu ya shiga aka kunna fitilu. Ruwan ya koma ja, ya koma shuɗi, ya koma ruwan hoda, mutane na ta ihu. Mai malafa, wanda ba wanda ya naɗa shi, ya tara jama'ar bas ɗinmu yana bayani: wai tun 1925 ake haska ruwan a kai a kai, a 2016 aka sauya fitilun zuwa na zamani. 'Yar jagorar ma ta haƙura ta koma gefe tana danna waya. Ya nuna gadar Rainbow ya ce 1941. Ya ce a 1969 injiniyoyin sojan Amurka sun tare ruwan ɓangarensu gaba ɗaya na wasu watanni, dutse ya fito tsirara. Ya ce wanda ya tsallake kan babbar a igiya a 2012, Nik Wallenda, da ya sauka a Kanada sai da ya nuna fasfo. Duk na san waɗannan. Duk suna kaina. Amma wa zai ƙara buɗe baki?

Ƙarfe 10 daidai wasan wuta ya tashi. Ana cikin kallon sama sai na ji muryar mutumin nan a bayana yana cewa, ga wani abu da yawancin baƙi ba su sani ba, daga yanzu ne ake fara janye ruwan zuwa tashoshin wuta, bisa yarjejeniyar 1950. Jama'a suka ce kai, haba! Sirrina. Makamina ɗaya tilo. Ashe ajiye shi ya yi sai lokacinsa, kamar mai hankali. Yaya ya ɗaga hannu ya duba agogo, ya sauke. Bai kalle ni ba. Duba agogon kawai ya yi, yadda zan gani.

Ni kuwa na ƙura wa ruwan ido, na ce ko banza in ga ragin nan da ya jawo min. Na maida tabarau, na goge, na sake dubawa. Wallahi ban ga bambancin komai ba. Ruwa na nan na zuba kamar ba gobe. Wasan wutar ma ban gani ba, sai a bidiyon Anti.

A bas kowa ya yi barci ban da ni. Da muka kusa gari sai ga mai malafa ya taso daga gaba, yana dafa kujeru, ya tsaya a kanmu. Na ce yau kuma me na yi? Ya kunna kyamararsa ya miƙa wa Yaya. Wai ya ɗauki wani hoto a jirgi da ya burge shi ƙwarai, yana so ya tura mana. Na leƙa. Ga ni, hannu a wuyan Yaya, baki a kunnensa, fuskata cike da annashuwa. Ga Yaya ya harɗe hannu yana kallon nesa kamar shugaban ƙasa. A bayanmu ga bakan gizo, cikakke, daga wannan gefe zuwa wancan. Ni ban ma san an yi bakan gizo ba. Dattijon ya dafa ƙirji ya ce ya daɗe bai ga 'yan'uwa masu ƙaunar juna haka ba. Ya zaro alawa ɗaya daga aljihu ya ba ni.

Yaya ya ba shi imel ɗinsa. Hoton da kuka gani a guruf ke nan, wanda ya saka ba tare da rubuta komai ba, kuka yi ta "Allah ya bar zumunci" har mutum talatin da wani abu. Hajiya ma ta kira uwargida ta ce a wanko mata shi babba. Na gode muku.

Daga baya uwargida ta ga rasit a kan teburin Yaya, ashe na yamman ya fi na safe tsada, saboda wasan wuta. Ban ce komai ba. Maganar gorunan ruwa dai ina nan a kan bakana, da idona na gani.

Na ba shi haƙuri a filin jirgi, ya ce haƙurin me, a dai riƙa lura. Auta kuma kullum ƙarfe 10 na dare sai ya turo min saƙo, "an rage." Na toshe shi ya koma turowa ta wayar yayarsa. Takalmin har yanzu warin kogi yake, na shanya shi kwana huɗu. Alawar na sha a jirgi, ta na'ana'a ce, ba ma daɗi.